Ranar da Aka Ɗauke Motar Malam

Shekara goma sha ɗaya motar ta yi a ƙarƙashin rumfar kwano, a bayan zauren wani gida da ke cikin ƙauyukan ƙasar Bichi. Tun Malam yana da rai aka daina tayar da ita, lokacin da ganinsa ya yi rauni. Bayan rasuwarsa kuwa sai ta zama makwancin kaji da inuwar awaki. Da aka zo rabon gado, gonaki da gida da dabbobi ba su ba kowa wahala ba, motar ce aka rasa yadda za a yi da ita. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo har sau biyu, suka zagaya ta, suka ƙwanƙwasa bodinta, suka yi mata kuɗi da kilo kamar yadda ake yi wa ruɓaɓɓen kwanon rufi. Babban ɗan Malam, wanda yake aikin akanta a Kano, ya ce a ƙiyasta ta a kan abin da suka taya, a cire daga kasonsa. Ƙannensa suka amince ba tare da gardama ba, domin a ganinsu shi ne ya cutu.

Peugeot 504 ce, wadda kowa a nan yake kira Fijo. An fara fito da irinta a Faransa a 1968, shekara guda bayan haka aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, kuma a shekarar ce wani direba ɗan ƙasar Sweden, Ove Andersson, ya lashe tseren Safari na ƙasar Kenya da 504, a kan hanyoyin da ƙura da taɓonsu ba su da bambanci da na ƙauyukanmu. A 1978 'yar'uwarta mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, ta sake lashe tseren a hannun Jean-Pierre Nicolas. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har fiye da shekara ashirin bayan nan. Ita ce motar gwamna da alƙali da hedimasta, ita ce tasi tsakanin Kano da Katsina. Yau masu tara tsofaffin motoci a Turai suna nemanta ruwa a jallo, mu kuwa muna auna tamu a sikeli.

Ta Malam ya saye ta ne da rancen mota na ma'aikata a ƙarshen shekarun 1970, lokacin yana shugabantar makarantar firamare. Ita ta kai matan ƙauyen asibiti cikin dare, ita ta ɗauko amare, a cikinta aka raka alhazai filin jirgin sama na Kano. Ɗan ya yi niyyar kai ta wurin wani tsohon bakanike a Ƙofar Ruwa, wanda ya yi alkawarin tayar da ita. Tsakanin rumfar da garejin akwai tafiyar da lafiyayyar mota za ta yi cikin sa'a guda.

Shawarar farko da aka ba shi ita ce wadda kowa ya saba da ita: a samo igiya mai kauri, a ɗaura a bayan wata mota, wani ya zauna ya riƙe sitiyari. Haka ake jan matattun motoci kullum a kan hanyar Katsina. Sai dai wannan dabara tana buƙatar motar da ake ja ta iya taka birki, ita kuwa wannan man birkinta ya daɗe da tsiyayewa. Tayoyinta sun tsattsage, man giyarta ya daskare a wuri guda tun shekara da shekaru. Janta kilomita arba'in a kan ƙafafunta zai iya lalata abin da zaman shekara goma sha ɗaya bai lalata ba. Bakaniken ya ce a kawo masa ita a ɗauke, ko kuwa a bar ta inda take. Da haka aka samo wani dattijon direba mai Hilux da ƙaramar tirela mai taya huɗu, irin wadda ake ɗora mota guda a kanta. A ƙuruciyarsa ya yi karen mota a manyan motocin dakon gyaɗa, daga baya ya shafe shekaru yana ɗauko motoci daga Kwatano.

Direban ya zo ya ga wurin tun cikin watan Agusta, ya ce sai bayan kaka. Duk wanda ya san wannan yanki ba zai nemi ƙarin bayani ba. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da mutanen karkara suka fi cunkuso a Afirka ta Yamma, har masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa suka yi rubutu a kanta a 1965. Ba a barin gona ta huta a nan, kowace shekara ana noma ta, da takin da jakuna suke kawowa a mangala. Gona tana manne da gona, sai shingen aguwa ko cini-da-zugu a tsakani, hanyoyin kuwa an yi su ne daidai faɗin jaki da kayansa, ko amalanken shanu idan an yalwata. Babu inda mota da tirela za su juya da damina ba tare da sun tattake geron wani ba. Saboda haka aka jira har aka girbe dawa, aka tsince wake, aka kwashe kara, sannan aka nemi izinin maƙwabci a bi ta cikin gonarsa.

Ranar da aka sa, hazo ya sauka tun da asuba. Aikin farko shi ne raba motar da ƙasa. Tayoyin baya sun nutse cikin rairayi, birki ya ciji ƙafa ɗaya ya ƙi saki. Aka ɗaga ta da jak, aka yi ta bubbugawa a hankali har ƙafar ta juya, aka sa aron tayoyi biyu, aka hura sauran biyun da famfon hannu. Samarin unguwa suka taru za su tura ta da gudu ta haye kan tirelar, direban ya hana. Motar da ba ta da birki, idan ta hau da gudu, babu abin da zai tsayar da ita sai bayan Hilux. Ya jawo ta da injin jan sarƙa na hannu, taƙi bayan taƙi, wani yaro yana bin tayar baya da weji, duk inda ta tsaya ya cusa.

Gabanta ya fara hawa, domin a nan injin yake, nauyin kuma can ya fi. Da ta daidaita a kan tirelar, ɗan ya ce ai ta yi. Direban ya koma gefe ya tsuguna, ya dubi bayan Hilux ɗin, ya ce a ƙara matso da ita gaba kamar kamu ɗaya. Ƙa'idar ita ce kusan kashi sittin cikin ɗari na nauyin kaya ya kasance a gaban tayoyin tirela, yadda wani rabo na nauyin zai danna kan ƙugiyar da ta haɗa ta da motar da ke ja. Masu ƙera tireloli a Amurka sukan ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukkan nauyin, a Turai sukan yi ƙasa da haka. Fijo 504 tana da nauyin kilo 1,200 ko kusa da haka. Idan aka haɗa da na tirelar, abin da ya kamata ya sauka a kan ƙugiyar ya kusa buhu biyu na gero. In nauyin ya koma baya, tirelar takan fara kaɗa wutsiya da zarar an ɗauki gudu, tana lilo dama da hagu, lilon yana ƙaruwa har ta fizge motar da ke janta daga kan titi. In kuma ya yi yawa a gaba, sai bayan motar ya durƙushe, tayoyin gabanta su yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana.

Baffan ɗan, ƙanen marigayin, yana zaune a kan kututture yana kallo. Shekara hamsin ya yi yana kai taki gona a kan jaki. Da ya ji bayanin sai ya ce:

"Ai wannan karatun mangala ne. In ta karkace gefe guda, ko da igiya goma ka ɗaure ta, kafin ka kai gona ta juye a ƙarƙashin cikin jaki."

Daga nan aka zo wurin da aka yi saɓani. Ɗan ya taho da sabuwar igiyar nailan daga kasuwa, nannaɗe guda, mai kaurin babban yatsa. Tunaninsa shi ne a ɗaure bambar gaba da ta baya, a sauke gilasai a ratsa igiyar ta cikin tagogi, a ɗaure tamau har motar ta kasa motsi. Direban ya karɓi igiyar, ya ja ta tsakanin hannuwansa, ya mayar masa.

"Alhaji, wannan ta ɗaurin rago ce."

"Baba, ai sabuwa ce. Ku duba kaurinta."

"Na gani. Motar kake so ta isa Kano, ko bambar?"

Ya buɗe wani buhu ya fito da bel huɗu masu faɗi, kowanne da ƙugiya da ƙarfen ɗamewa. Ya ɗora ɗaya a kan kowace taya, ya zagayo da shi ta samanta, ya maƙala bakinsa biyu a zoben da ke jikin tirelar, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ya ɗame har tayar ta ɗan lotsa. Bai taɓa bodin motar ba ko kaɗan. Ɗan ya sa hannu ya girgiza ta, ta yi lilo a kan sifirin ɗinta kamar ba a ɗaure ta ba, ransa ya ɓaci. A idonsa an bar gadon mahaifinsa sakaka.

Abin da direban ya sani da hannu, injiniyoyi sun rubuta shi da lissafi. Ƙa'idar ɗaurin kaya ta Turai, EN 12195-1, da dokokin manyan motoci na Amurka sun yi tarayya a kan cewa ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin ɗari na nauyin kaya idan suka yunƙura gaba, kamar lokacin taka birki da ƙarfi, da kashi 50 idan suka yunƙura gefe ko baya. Ga mota mai kilo 1,200, wannan yana nufin ture na kilo 960 zuwa gaba, kusan buhu goma na masara a lokaci guda, da kilo 600 zuwa gefe a kan kwana. Sa giya da jan birkin hannu ba za su riƙe wannan ba, balle a kan daɓen ƙarfe da ƙurar hunturu ta lulluɓe. Bambar tsohuwar mota kuwa 'yan kusoshi ne suke riƙe da ita, su ma tsatsa ta ci rabinsu.

Sai kuma maganar sifirin. Bodin mota a kansu yake zaune, yana sauka yana tashi da kowane rami. Idan aka ɗaure bodi da tirela, duk lokacin da aka faɗa rami bodin yakan dusa ƙasa, igiya ta saki, sannan ya taso da ƙarfi ya fizge ta. A tafiyar kilomita arba'in za a yi wannan fizga sau ɗaruruwa. Ƙarshenta ko ƙugiya ta zame a lokacin da igiyar ta saki, ko ƙulli ya kwance, ko ƙarfen da aka ɗaura a kai ya yage. Igiyar nailan tana ƙara dagula lamarin, domin tana miƙewa kamar danƙo idan ta ji nauyi, shi ya sa ake saƙa bel ɗin ɗaurin kaya da zaren foliyesta wanda miƙewarsa kaɗan ce. Taya kuwa ba ta tashi daga daɓe. Wanda ya kama ƙafafu huɗu ya kama motar gaba ɗaya, ya kuma bar sifirin suna aikin da aka yi su dominsa, wato shanye girgizar hanya kafin ta kai ga gilashi da ƙofofi. Akwai masu dakon motoci da suke ɗaurewa ta shasi, su danne sifirin ɗin har ƙasa, kuma hakan yana yi a kan sabuwar mota mai wuraren maƙala ƙugiya da masana'anta ta tanada. A kan ƙarfen da ya haura shekara arba'in, babu mai iya rantsuwa a kan abin da tsatsa ta bari.

Direban ya leƙa ƙarƙashin motar ya tabbatar babu bel ɗin da ya bi ta kan bututun birki ko sandar sitiyari, domin waɗannan lanƙwasa su ba wuya. Inda bel ya gogi kaifin ƙarfe ya cusa yankin tsohon tiyub. Ya nuna wa ɗan wani ɗan ƙyalle da aka ɗinke a jikin kowane bel. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a kan kwali galibi ita ce nauyin da bel zai tsinke a kai, wadda ake aiki da ita tana kan wannan ƙyalle, kuma sau da yawa rabin waccan ce ko sulusinta. A matsayinsa na akanta, wannan ne bayanin da ya fara shiga kansa: bambancin abin da aka rubuta a talla da abin da ke cikin asusu. Daga ƙarshe direban ya ɗaura sarƙa guda daga aksil ɗin baya zuwa ƙarshen tirelar, ya bar ta da ɗan sassauci, don ko da bel ya ci amana. Ya gitta sarƙoƙi biyu a ƙarƙashin ƙugiyar Hilux, yadda in ta ɓalle hancin tirelar zai faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta. Bonet da but da ƙofar da makullinta ya lalace, su kaɗai aka ɗaure da guntun igiyar nailan, an naɗe ta da tsumma don kada ta goge fenti.

Ana cikin haka Inna ta fito bakin zaure, abin da ba ta saba yi ba idan maza sun taru. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan ba tun da ta haife shi, kasancewarsa ɗan fari. Ta dubi motar a can sama, tsayinta ya ƙaru, ƙarƙashinta duk yana a waje da yanar gizo-gizo da gashin kaji. Ta juya wajen Baffa ta ce:

"Ku ce masa ya duba aljihun gaba. Akwai littafin Malam."

Ƙaramin littafin rubutu ne na 'yan makaranta, bangonsa ya ci ƙura. A ciki Malam ya rubuta duk man da ya sha da duk juyen da ya yi, da kwanan wata da lambar kilomita, shafi bayan shafi, har inda rubutun ya fara girma yana karkacewa. Ɗan ya sa shi a aljihun rigarsa. Aka yi addu'a, aka shafa.

Daga gidan zuwa kwalta ba nisa, amma sun ɗauki fiye da rabin sa'a, suna ratsa kunyoyin da aka girbe, suna kauce wa rassan gawo da ɗorawa. Ɗan yana waiwaye ta gilashin baya, yana ganin motar tana rangaji a kan kowace kunya, gabansa yana faɗuwa. Da suka hau titi, direban ya gangara gefe ya tsaya, ya fita ya bi bel ɗin ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da tafin hannu. Uku suna nan tamau. Na huɗu, na tayar gaba ta hagu, ya yi sako-sako har hannu yana shiga ƙarƙashinsa. Tsohuwar tayar ce take sacewa a hankali, kuma duk iskar da ta fita, ɗaurin yana raguwa da ita. Wannan shi ne raunin kamun ƙafa, maganinsa kuma shi ne tsayawa a duba. Ya sa weji gaba da baya, ya sake ɗamewa, ya ce za su riƙa tsayawa duk bayan kilomita goma. Sau huɗu suka tsaya kafin Kano, sau biyu ana ƙara wa wannan bel ɗin.

Bai wuce gudun kilomita sittin ba, duk da masu hon da suke wuce su. Da wata babbar mota ta gifta, iskarta ta bugi tirelar ta fara kaɗawa, bai taka birki ba, bai kuma yi kokawa da sitiyari ba. Ya ɗage ƙafarsa daga totur, ya riƙe hanya sak, lilon ya mutu da kansa.

A daidai kasuwar hatsi ta Dawanau, inda manyan motoci suke jere a gefen titi suna tare gani, wani yaro mai tura baro ya fito daga tsakanin biyu daga cikinsu da buhuna uku. Direban ya taka birki iya ƙarfinsa. Tirelar ta turo, birkinta ya kama, tayoyi suka yi ƙara. Ɗan ya dafe gaban mota ya waiwaya. Ya ga hancin Fijon ya sunkuya ƙasa sosai, ya ɗago, ya sake sunkuyawa kaɗan, ya tsaya. Tayoyinta huɗu suna nan inda aka ajiye su. Yaron ya ja baronsa ya wuce, bai ma san abin da ke bayan Hilux ɗin ba.

Sai a lokacin ɗan ya lura da abin da bai shiga lissafinsa ba tun safe. Duk tunaninsa yana kan kada motar ta ƙwarzane. Bai tuna cewa abin da ke gabanta shi ne ƙeyarsa da ta direban ba, abin da ke bayanta kuma 'yan babur ne da motocin haya cike da mutane. Kullum ana ganin kaya a kan wannan hanya, buhuna da katako da rodi da shanu, waɗanda rabin abin da ke riƙe da su igiya ce, rabi kuma sa'a. Mafi yawansu suna isa lafiya, shi ya sa ake ganin ɗaurin ya isa. Hausawa suna yi wa mutum barka idan kayansa ya tsinke a gindin kaba, amma a kan kwalta wanda ke biye ne yake biyan kuɗin tsinkewar.

Sun isa Ƙofar Ruwa bayan la'asar. Bakaniken ya zagaya motar tun tana kan tirela, ya buɗe ƙofofi ya rufe, ya ji duk suna shiga daidai, ya gyaɗa kai. Aka sauke ta da sarƙa kamar yadda aka hau da ita, yaro yana bin taya da weji. Ɗan ya miƙa masa littafin Malam, ya buɗe shafin ƙarshe ya gwada lambar da ke ciki da wadda ke jikin agogon motar, suka yi daidai. Direban ya nannaɗe bel ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowanne ko ya sami yanka, ya mayar da su cikin buhu.

Ragowar igiyar nailan ta koma ƙauye a ƙarshen mako, Inna ta sa aka ɗaura mata ita a tsakar gida don shanya. Da Baffa ya ce a zuba karan dawa a rumfar tunda ta zama fanko, sai ta ce a nemi wani wuri, wannan da mai shi.